Kafin a Kai ga Rabon Gado: Wa ke Riƙe da Lissafin Tsofaffin Ƙofar Marke?

Duk wanda ya san yadda kotunan shari'ar Musulunci ke aiki a birnin Sakkwato ya san dukiyar tsoho ba ta cika zuwa gaban alƙali ba sai an share makoki. A lokacin ne magada ke taruwa, a kira masu ƙiyasta gida da gona, a biya bashi, a duba wasiyya, a fitar da tumunin matan mamaci, sannan a raba saura tsakanin 'ya'ya. A wannan fanni ba mu da gyara, domin ilimin gado abu ne da malamanmu suka ƙware a kai tun zamanin masu jihadi. Sai dai sau da yawa abin da ake zaunawa a raba da wannan ƙwarewa guntu ne. Shagunan da ke gaban gida an riga an sayar, asusun banki ya bushe, gonar fadama kuma wani daga cikin 'ya'ya ya miƙe ya ce Baba ya ba shi tun yana da rai. Mutum ɗaya da zai iya cewa e ko a'a yana kwance a kushewa. Ra'ayina shi ne aikin shari'a na kare dukiyar tsofaffi da masu rauni yana isowa a makare, kuma wajibi ne a dawo da shi baya, zuwa shekarun da mai dukiyar yake numfashi amma hannunsa ya daina kai wa ga abinsa.

Ƙofar Marke na cikin ƙofofi takwas na ganuwar birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, tare da su Ƙofar Rini, Ƙofar Kade, Ƙofar Atiku da Ƙofar Taramniya. Tsufan unguwa yana da nauyi a shari'a. Gidaje da dama a irin wannan wuri an gaje su ne kaka da kakanni, ba su da takardar mallaka irin wadda gwamna ke bayarwa a ƙarƙashin Dokar Amfani da Filaye ta 1978, hujjarsu tana cikin kawunan dattawa da maƙwabta da mai unguwa. Dattijon da ke zaune a zaure shi ne mai gida, kuma shi ne takardar gidan. Idan gigin tsufa ya taɓa shi, hujjar ta taɓu tare da shi. Sauran dukiyar ma haka take a warwatse: fanshon tsohon malamin firamare, 'yan shanu da aka ba wani kiwo a ƙauye, sarƙar zinari da tsohuwa ta ɓoye a ƙasan adaka, zubin adashi, bashin da aka ba abokin ciniki ba rubutu. Ba dukiyar da za ta tsone wa attajiri ido ba ce, amma ita ce abincin mai ita da maganinsa da mutuncinsa har ranar da zai cika.

A da, tsoho yana iya sa hannu ƙarƙashin matashi ya ƙirga kuɗinsa ko da idonsa ya yi rauni. Yau kuɗin sun shige cikin waya. Tun da aka ƙaddamar da lambar BVN a 2014 ake ta tura mutane banki, fansho da tallafin gwamnati duk ta asusu suke zuwa, sannan canjin takardun naira da Babban Banki ya sanar a Oktoban 2022 ya zo ya ƙarasa aikin. A watannin farko na 2023, kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukuncinta na 3 ga Maris kan wannan canji, tsofaffin da ba su taɓa yarda da banki ba sun ga tsabar da suka adana na neman zama takarda, suka miƙa ta ga duk wanda ke da asusu a gidan. Wanda ma yake da nasa asusun, ba ya karanta saƙon Turanci da ke shigowa, yatsunsa ba sa gane maɓallan na'urar mai POS. To me zai yi? Sai ya ba jika kati, ya gaya masa lambar sirri. Daga wannan rana, a wurin banki, duk kuɗin da ya fita shi ya cire da kansa, kuma idan ya kai kuka za a tuna masa cewa ƙa'ida ta hana bayar da lambar. Hanyar ƙorafi da Babban Banki ya shimfiɗa, wato a fara kai wa bankin, idan mako biyu ya wuce ba a warware ba a ɗaukaka zuwa sashen kare masu hulɗa da bankuna, an gina ta ne don ɗan damfarar da ke nesa. Ba ta san da ɗan cikin gida ba. Hatta tantance masu fansho na tarayya da hukumar PTAD ta mayar ta waya, duk da ta raba tsofaffi da wahalar layi, ta ƙara jingina su ga mai riƙe da wayar.

Wannan ƙaramar zuba ce, dubu biyar yau, dubu goma gobe. Babbar asara tana zuwa ne da takarda. Ana kawo wa dattijo yarjejeniyar sayar da fili rubuce da Turanci, a ce masa takardar gyaran gida ce ko ta neman tallafi, ya dangwala. Akwai tsohuwar doka tun zamanin Turawa ta kare waɗanda ba su iya karatu ba, wadda ta wajabta wa marubucin takarda ya sa sunansa da adireshinsa, a matsayin shaidar cewa ya karanta wa mai dangwale abin da ke ciki kuma ya fahimtar da shi. Amma a 1962, a wata shari'a tsakanin kamfanin PZ da wasu 'yan kasuwar Arewa, babbar kotun ƙasa ta wancan lokaci ta ce wanda ya iya karatun Larabci bai shiga cikin waɗanda dokar ke karewa ba, ko da takardar da ya sa wa hannu da Turanci take. Kotuna sun yi ta kai-kawo a kan wannan batu tun daga nan, amma a gari kamar Sakkwato, inda dattijo zai iya karantar da Risala da Muhtasar alhali bai san harafin boko ko ɗaya ba, kowa na iya ganin girman ramin. Mata kuwa raminsu ya fi zurfi. Tsohuwar da ta yi rayuwarta a cikin kulle ba ta taɓa taka gonar da ta gada ba, wakili ne ke karɓar mata haya, ɗan'uwa ne ke riƙe da rabonta «kafin a daidaita», kuma daidaitawar kan ɗauki shekaru har ita ma ta bi sahu. Ga kuma dattawan da 'yan bindiga suka koro daga Sabon Birni da Isa da Rabah, suna zaune a gidajen dangi cikin birni, ana sayar da gonakinsu a bayan idonsu da farashin da babu mai tambaya.

Ba ina cewa 'ya'yan Ƙofar Marke ɓarayi ba ne. Mafi yawansu suna ciyar da iyaye daga aljihunsu, wasu ma har da bashi. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na waɗanda suka kai shekara 60 yana fuskantar wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda, cin dukiya na daga cikin nau'o'in da suka fi yawa, kuma abin da ake kai ƙara a kai kaɗan ne ƙwarai. Babu dalilin da zai sa mu ɗauka mu aka keɓe. Ɓarawon fansho na ofis mun san shi, mun ga an ɗaure Abdulrashid Maina shekara takwas a Nuwamban 2021 kuma kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Na cikin gida ba ya zuwa jarida, domin wanda aka cuta ba zai kai ɗan cikinsa wurin 'yan sanda ba, kuma mai cutar shi ne mai kawo masa tuwon dare.

Abin da ya fi damuna shi ne ba doka muka rasa ba. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya lissafa hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, bai tsaya kan aure da kyauta da wasiyya da gado ba. Ya ambaci ƙaramin yaro, da almubazzari, da mai taɓin hankali, sannan ya ambaci ciyarwa da waliccin Musulmin da jikinsa ko hankalinsa ya yi rauni. Ke nan tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, ko tsohuwar da ta fara manta sunayen jikokinta, suna cikin waɗanda tsarin mulkin ƙasa da kansa ya danƙa wa alƙalan shari'a. Fiƙihun da waɗannan alƙalai ke hukunci da shi kuwa ya riga tsarin mulki da ƙarnoni. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta yi umurni da rubuta bashi, kuma ta yi tanadi ga mai rauni da wanda ba zai iya shifta da kansa ba, cewa waliyyinsa ya tsaya masa da adalci a gaban shaidu. Farkon Suratun Nisa'i ya hana a sakar wa wanda bai iya tattali ba dukiya, ya ce a ciyar da shi a tufatar da shi daga cikinta, kuma a kafa shaidu ranar da za a mayar wa maraya abinsa. Rubutu da shaida da lissafi, duk a kan dukiyar da ke hannun dangi aka faɗe su.

Malaman Malikiyya sun gina babi guda a kan wannan, babin hajru, wato kange mutum daga sarrafa dukiyarsa don amfanin kansa. Yana cikin Muhtasar na Halilu, yana cikin Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim wadda alƙalanmu ba sa rabuwa da ita. Sun kuma toshe ainihin ƙofar da ake bi a yau, ta kyautar ƙarshen rayuwa. Kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa tun mai bayarwa yana da lafiya, idan kuwa ciwon ajali ya riga hauzi, kyautar ta faɗi. Abin da mara lafiya ya bayar a cikin ciwon da ake tsoron mutuwa a cikinsa hukuncin wasiyya yake ɗauka, ba ya wuce sulusi, kuma idan magaji aka ba sai sauran magada sun yarda. Uba yana da damar janye kyautar da ya yi wa ɗansa bisa sharuɗɗa. Sayar da gidan wanda ke ƙarƙashin walicci kuwa an kewaye shi da tambayoyi: shin akwai larura, shin wannan ne ya fi cancantar a sayar, shin an kai shi kasuwa an sami farashin da ya dace? Akwai wata mas'ala da ta fi kowace shafar maganata. An ruwaito daga Imamu Malik cewa cinikin da baligi mara tattali ya ƙulla kafin alƙali ya kange shi yana nan a zartacce, almajirinsa Ibnul Ƙasim ne ya ga a warware. Ma'anarta a aikace ita ce duk watan da dangi suka yi suna jin nauyin zuwa kotu, wata ne da abin da aka rabu da shi zai iya tafiya ke nan.

Kada kuma a manta garin da muke magana a kansa. Cikin laifuffukan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa wa sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙi har da ƙwace dukiyar wanda ya mutu a ƙasarsu, kuma ƙaninsa Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkam don ya nuna wa masu mulki da alƙalai nauyin da ke wuyansu. Tsare dukiyar wanda ba zai iya tsare ta da kansa ba na cikin dalilan da suka sa aka gina wannan ganuwa tun farko.

To ina gizo ke saƙa? Wurin aiwatarwa. Littafi ya ce a naɗa mai kula, amma babu rajistar da za a buɗe a ga wa ke kula da dukiyar wa. Babu ma'aikacin da aikinsa shi ne ya je gida ya rubuta abin da tsoho ya mallaka ranar da aka karɓi ragamarsa. Babu ranar da aka yanka wa mai kula ya dawo ya ce ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita. Sababbin dokoki ma ba su cike wannan gurbi ba. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda Jihar Sakkwato ta yi tata a 2021, ta mayar da danne wa mutum dukiya da watsar da wanda ke ƙarƙashin kulawarka laifi, cin amana kuma daɗaɗɗen laifi ne a kundin hukunta laifuka na Arewa. Amma waɗannan hukunci ne bayan ɓarna, kuma suna buƙatar mai ƙara, wanda na riga na faɗi dalilin da ya sa ba ya samuwa. Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda aka sa wa dokarta hannu a Janairun 2018 ta fara aiki a 2021, ba kotu ba ce kuma ba ta duba asusun kowa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ci gaba ce ta fuskar mutunta mara lafiya, sai dai ba ita za ta bi jika zuwa rumfar mai POS ba.

Wasu ƙasashen Musulmi sun ɗauki wannan fiƙihu namu sun yi masa ƙafafu. A Masar, doka mai lamba 119 ta 1952 ta tsara waliccin dukiya, kuma akwai sashe na musamman na lauyoyin gwamnati da ke ƙididdige dukiyar maraya da wanda aka kange, mai kula ba ya sayar da gida sai da izinin kotu. Kuwait ta kafa hukuma sukutum a 1983 don wannan aiki. Ingila ta bi ta wata hanya: dokarta ta 2005 ta ba mutum damar ya zaɓi wakilinsa tun hankalinsa na garau, a yi wa takardar rajista a wani ofishin gwamnati mai ikon bincike idan an yi ƙorafi, kuma wakilcin ya ci gaba da aiki bayan hankalin ya gushe. A tsohuwar ƙa'idarsu, wadda mu muka gada, takardar wakilci tana mutuwa daidai lokacin da aka fi buƙatarta, wato ranar da mai bayarwa ya daina gane abin da ake ciki.

Abin da nake kira a yi a Sakkwato bai kai girman hukumar Kuwait ba. A samar da takardar wakilci guda ɗaya, da Hausar boko da ajami, wadda dattijo zai cike a gaban alƙalin kotun shari'ar yankinsa, ko alƙali ya aika ma'aikaci gida idan mai ita ba ya iya fita ko mace ce mai kulle. A ciki ya faɗi wanda ya yarda ya riƙe masa kati, iyakar abin da za a cire a wata, da abin da ba a taɓawa sai an dawo kotu, musamman gida da gona. A lissafa abin da ya mallaka a gaban shaidu biyu waɗanda ba su cikin magada. Ya ambaci mutum na biyu, ɗiya ko ƙani ko limamin unguwa, wanda saƙon banki zai riƙa shiga wayarsa shi ma. Sau ɗaya a shekara wakili ya kawo lissafi, ko da a littafin makaranta ne. Duk kyautar gida ko gona da wanda ya manyanta zai yi wa ɗaya daga cikin magadansa, a yi ta a gaban alƙali, a gana da shi shi kaɗai ba tare da mai karɓa a ɗakin ba. Inda ake shakkar hankali, a nemi bayanin likita daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, kada a dogara da cewar dangi kawai. A nan ne aikin lauya yake, kuma aiki ne mara hayaniya: rubuta takarda mai kyau, zama da tsohuwa a fahimtar da ita, bin banki har ya amince da wakilcin da kotu ta tabbatar. Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa a 1976, reshen ƙungiyar lauyoyi na Sakkwato, ƙungiyar lauyoyi mata, da ɗaliban Tsangayar Shari'a ta jami'a, duk suna da hannun da za su sa. Wanda ba shi da kowa kuwa, Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ta riga ta san gidajen gajiyayyu, ita ta fi dacewa alƙali ya naɗa.

Na san abin da za a fara cewa: wannan ai tozarta zumunci ne, ɗa na halak ba ya rubuta wa ubansa rasit. Ina girmama kunyar da ke bayan wannan magana, domin ita ce ta sa har yau ba mu san gidan ajiye tsofaffi ba. Amma a duba abin da ke raba zumunci a zahiri. 'Yan uba da suka daina gaisawa, 'yan ɗaki ɗaya da suka shekara suna hawa matakalar kotu, ba rubutu ne ya raba su ba, rashinsa ne. Wanda ya zauna da Baba yana jinya shi ake zargi, waɗanda ke Abuja da Legas su ke zargin, kuma ba shi da abin da zai wanke kansa da shi sai rantsuwa. Littafin lissafi garkuwar mai gaskiya ce kafin ya zama tarkon maci amana. Kuma ba mu taɓa ɗaukar kiran shaidu wurin ɗaurin aure ko faɗin sadaki a bainar jama'a a matsayin zargin ango ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Za a ce kange dattijo daga dukiyarsa wulaƙanci ne, kuma makami ne da magada masu gaggawa za su ɗauka. Gaskiya ne. Imamu Abu Hanifa ya ƙi yarda a kange baligi mai hankali don kawai yana almubazzaranci, yana ganin zubar masa da mutunci ya fi asarar kuɗin muni. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda Najeriya ta amince da ita a 2010, ita ma ta karkata ga a taimaki mutum ya yanke shawararsa maimakon a yanke masa. Tsufa ba wauta ba ne. Dattijon da ya ga dama ya gina masallaci da kuɗinsa, ko ya ƙara aure, ko ya ɗauki nauyin almajirai, yana cikin haƙƙinsa ko da 'ya'yansa sun ɓata rai. Wannan suka ita ce ma ta sa na fifita wakilcin da mutum ya zaɓa da bakinsa, wanda zai iya sokewa duk ranar da ya so muddin yana cikin hankalinsa. Hajru ya zama matakin ƙarshe, da shaidar likita, da ganawar alƙali da mai dukiyar ido da ido, da wa'adin sake dubawa, kuma ya tsaya kan abin da ya gagara kawai. Mutum na iya kasa sayar da gida amma ya iya riƙe kuɗin goronsa da sadakar Juma'arsa. Abin da masu wannan suka ba sa lura da shi shi ne ana kange tsofaffi a yau ma, kullum, ba alƙali ba shaida. Ana karɓe kati a ce hutar da shi aka yi.

Sai maganar kotunan kansu. Mutane da yawa suna gudun kai dukiya kotu saboda jinkiri da kashe-kashen da ba su da rasit, kuma wanda ya ce a ƙara wa ma'aikatan kotu iko a kan dukiyar masu rauni dole ya amsa wannan. Amsata ita ce kada kuɗin ya shiga hannun kotu ko kaɗan. Ya zauna a asusun mai shi, da sunansa. Aikin kotu ajiye takarda ne da duba lissafi da ba da izini ko hanawa, kuma kowane magaji da mai dukiyar kansa su sami kwafi, ta yadda idanu da yawa ke kan abu ɗaya. Hukuncin alƙalin ƙasa kuma ana iya ɗaukaka shi, abin da ba a iya yi da shawarar da babban wa ya yanke shi kaɗai a ɗakinsa.

Akwai masu cewa wannan damuwar masu hali ce, a jihar da ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta 2022 ta nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na mutanenta suna cikin talauci ta fuskoki da yawa. Ni kuwa ina ganin akasin haka. Attajiri yana da lauya da akanta da 'ya'ya masu sa wa juna ido. Wanda ake cinye wa abinsa ba a ji ba shi ne makahon da ake karɓar masa alawus ɗin naƙasassu, wanda gwamnatin Aliyu Wamakko ta fara biya naira 6,500 a wata, da gwauruwar da ɗaki ɗaya ne rabonta a gidan gado. Talaucin ma shi ke ƙara matsi, domin a gidan da samari biyar ba su da aiki, fanshon kaka shi ne kaɗai kuɗin da ake da tabbacin zuwansa. A nan dole a yi wa mai jinya adalci. Ɗiyar da ta bar sana'arta tana wanke uwa tana juya ta, ko ɗan da ya ƙi tafiya ci-rani don ya zauna da uba, sun cancanci wani abu, kuma shari'a ta halatta wa mai kula matalauci ya ci gwargwadon abin da aka saba. A yanka masa a fili, a rubuta, kowa ya sani. Idan an hana shi a sarari, zai ɗauka a ɓoye yana ganin haƙƙinsa ne, daga nan kuma iyaka ta ɓace.

Ba sai an jira Majalisar Tarayya ba. Sashe na 279 na tsarin mulki ya ba Alƙalin Alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha ikon tsara ƙa'idojin aikin kotunsa, kuma kotunan shari'a na ƙasa suna ƙarƙashin kulawar wannan kotu, don haka fasalin takardar da littafin rajistar abu ne da za a iya fitarwa daga ofishinsa, Majalisar Dokokin jiha ta biyo baya da dokar da za ta sa ofishin filaye ya ƙi karɓar cinikin gidan wanda ke cikin rajista sai da izinin alƙali. Majalisar Sarkin Musulmi na iya umurtar hakimai da masu unguwanni kada su sa hannu a cinikin gidan dattijo sai sun gan shi sun ji daga bakinsa. Bankuna za su fi wuyar sha'ani, domin umurninsu daga Babban Banki yake zuwa, amma sun riga suna da tsarin ƙara mai sa hannu a asusu, kuma takardar kotu ta fi musu aminci a kan halin da ake ciki yanzu. A fara da kotu ɗaya, wadda Ƙofar Marke da unguwannin da ke kewaye da ita ke ƙarƙashinta, a yi shekara guda a ga inda takardar ta gaza a gyara. Kuɗin rajista kuma ya zama kaɗan ƙwarai, a yafe shi gaba ɗaya ga duk wanda sunansa ke cikin masu karɓar zakka ko alawus ɗin naƙasassu.